Guzurin Direban Babbar Mota: Yadda Ake Dafa Abinci da Ajiye Shi a Kan Hanya

Jama'a, duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya ga manyan motoci sun yi layi. Wasu ana loda musu shanu da tumaki da awaki. Wasu kuma buhunan riɗi da zoɓo da wake. Da an gama lodi sai su kama hanyar Kudu.

Da yawa daga cikin direbobin nan da yaran motarsu ba baƙi ba ne. 'Ya'yanmu ne da ƙannenmu, daga Ɗanzomo, Sule Tankarkar, Gumel, Gagarawa da Maigatari. Mutum zai bar gida ya yi mako ɗaya ko biyu bai dawo ba. A duk kwanakin nan dole ya ci abinci. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

To me zai ci? A ina zai dafa? Ta yaya zai ajiye abin da ya ɗauko don kada ya lalace? Wannan bayani na direba ne da yaron mota. Na matar gida ne kuma, da uwa, waɗanda suke haɗa guzuri.

Hanyar tana da nisa

Daga Maigatari zuwa Ikko ya fi kilomita 1,000. Mota za ta bi ta Gumel da Gujungu ta shiga Kano. Daga nan sai Zariya da Kaduna. Wasu sukan bi ta Mokwa su haye gadar Jabba, su wuce Ilori da Badun. Masu zuwa Anacha ko Fatakwal sukan bi ta Lakwaja.

Akwai wuraren da direbobi suke yada zango, kamar Mararrabar Jos da Tafa. A can akwai masu sayar da abinci. Amma mota ba ta zaɓen inda za ta lalace. Taya takan fashe a tsakiyar daji. Gada takan karye da damina. A shekarun 2017 zuwa 2019, direbobin da suka kai kaya tashar jiragen ruwa ta Apapa a Ikko sun sha yin kwanaki, wasu har makonni, suna cikin layi. Wanda bai riƙe guzuri ba, kuɗin da zai kawo wa iyali a can yake ƙarewa.

Ba kuɗi kaɗai ake asara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a shekarar 2015. Ta ce kowace shekara mutum kusan miliyan 600 suke rashin lafiya saboda gurɓataccen abinci, kuma kusan 420,000 suke mutuwa. Direban da cikinsa ya ɓaci ba ya iya riƙe sitiyari yadda ya kamata. Ransa yana cikin haɗari, da na yaransa, da na sauran masu bin hanya.

Darasi daga fataken da

Tafiya mai nisa ba yau aka fara ta ba. Kakanninmu sun yi fatauci da jakuna da raƙuma. Sun kai kanwa Gwanja, sun dawo da goro. Sukan yi watanni a hanya, ba firji, ba kanti. Da me suka rayu?

Sun rayu da busasshen abinci: garin gero, busasshen nama, ƙuli-ƙuli, dabino, kuka da daddawa. Idan madugu ya ce a sauka, sai a hura wuta a dafa abin da za a cinye a lokacin. Ba su ɗaukar miya daga wannan zango zuwa wancan.

Wannan ita ce dokar guzuri har gobe. Abin da ya bushe yana daɗewa. Abin da yake da ruwa yana saurin lalacewa. A ɗauki busasshe, a dafa daidai ciki, a ci da zafinsa.

Me ya sa abinci yake lalacewa?

Akwai ƙananan ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Suna cikin ƙura, da hannu, da ƙafar ƙuda, da ruwa marar tsabta. Abu uku suke so: abinci, danshi da ɗumi. Idan sun sami ukun nan sai su yi ta hayayyafa. Wasu sukan ninka yawansu cikin minti 20 kacal.

Masana sun ce ƙwayoyin nan sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin zafi. Wato abincin da ba shi da sanyin firji, kuma ba shi da zafin da ya sauko daga wuta. Abinci mai ɗumi-ɗumi shi ne gidansu. A ƙasarmu, cikin watan Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40. Cikin kan mota, kusa da inji, ya fi haka.

Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye, ba a wuta ba, ba a firji ba. Kada kuma a dogara da hanci. Abinci yakan gurɓace tun bai fara wari ba.

Mota iri biyu, guzuri iri biyu

Ba kowane direba ne yake da lokacin girki ba. Wanda ya ɗauko dabbobi ba ya son tsayuwa mai tsawo. Idan shanu suka daɗe a tsaye cikin rana sai su galabaita, wata ta faɗi a tattake ta. Shi wannan direba, guzurin da ba ya bukatar wuta ya fi dacewa da shi lokacin tafiya. Sai ya sauke kaya sannan ya ɗora tukunya.

Wanda ya ɗauko riɗi ko zoɓo ko hatsi yana iya tsayawa. Sau da yawa ma zai yi jiran sauke kaya, ya kuma yi jiran lodin dawowa. Shi wannan yana bukatar kayan girki sosai.

Abincin da ba ya bukatar wuta

1. Ƙuli-ƙuli da garin rogo. A jiƙa gari da ruwa mai tsabta, a sa ƙuli da albasa da ɗan yaji. Daidai wanda za a cinye ake jiƙawa.

2. Kilishi da dambun nama. Sai sun bushe sarai. Dambun da bai soyu da kyau ba yana da sauran ruwa, ba zai kwana biyu ba.

3. Dakuwa, soyayyar gyaɗa, aya da dabino. Suna ba da ƙarfi, ba su da nauyin ɗauka.

4. Garin fura busasshe, ko gumba da aka shanya. A dama da madarar gari a lokacin sha. Fura mai laushi da nono ba sa jure zafin mota. A sha su ranar farko.

5. Lemo da kankana da ba a yanka ba. Ɓawonsu shi ne murfinsu. Da an yanka sai a cinye.

Kayan girki

Ga misalin abin da zai ishi mutum uku na kwanaki biyar ko shida, in suna girki sau ɗaya a rana. Shinkafa kwano ɗaya. Wake rabin kwano. Taliya ƙulli uku ko huɗu. Man gyaɗa kwalba ɗaya. Sai gishiri, yaji, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗa, albasa da busasshen kifi. A ƙara da ganyen shayi da sukari.

Dubi jerin nan da kyau. Babu ɗanyen nama a ciki. Babu ɗanyen tumatir. Kauɗa, wato busasshen tumatir, ita ce take maye gurbinsa. In ana son nama, a saya a inda aka tsaya, a dafa shi nan take har ya nuna ciki da waje.

Garau-garau shi ne abokin matafiyi. Shinkafa da wake da mai da yaji, tukunya ɗaya ta isa. Wake yana cin wuta. Dabara ita ce a jiƙa shi cikin roba mai murfi tun da safe. Kafin yamma ya yi laushi. A zubar da ruwan jiƙon, a dafa da sabon ruwa. An rage lokaci, an rage kananzir ko gas.

Yadda za a ajiye guzuri

Na farko, kowane abu ya sami mazubi mai murfi. Bokitin roba mai rufi ya fi buhu. Ɓera ba ya huda shi da sauƙi, ruwan sama ba ya shiga. Maganar ɓera ba ƙarama ba ce. Fitsari da kashin ɓera su ne suke kawo zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a shekarar 1969. Wuraren da manyan motoci suke kwana cike suke da ɓeraye.

Na biyu, a raba abinci da kayan mota. Kada akwatin guzuri ya zauna tare da baƙin mai, gas ɗin mota, giris ko ruwan batir. Kada ya zauna kusa da salansa ko inji.

Na uku, kada a zuba abinci ko ruwan sha a jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi. Ko an wanke ta sau goma, roba takan riƙe guba.

Na huɗu, a kula da kayan da aka loda. Wasu 'yan kasuwa sukan sa ƙwayar maganin ƙwari cikin buhunan wake ko hatsi. Ƙwayar tana fitar da iska mai kisa. Kada yaron mota ya kwana ƙarƙashin tamfol tare da irin waɗannan buhuna. Kada kuma a ɗebi wake daga lodi a dafa, don ba a san abin da aka sa masa ba.

Na biyar, a tuna iskar Kudu ba irin tamu ba ce. A nan Gumel iska busasshiya ce yawancin shekara. Kilishi yakan daɗe bai yi komai ba. Da an haye Kwara sai a shiga ƙasa mai laima. Kilishi ya yi sanyi, ƙuli ya yi laushi, fumfuna ta fito. Saboda haka a ƙulla su kashi-kashi, na kowace rana daban. A buɗe ɗaya a bar sauran a rufe. Gyaɗa ko ƙulin da ya yi fumfuna a zubar da shi. Fumfunar gyaɗa tana da guba mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe ta.

Na shida, in an sayi abincin gwangwani, a karanta ranar da zai lalace. A duba lambar hukumar NAFDAC. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa, a bar wa mai kanti abinsa.

Maganar kula da ɗumame

Ranar tafiya, uwargida takan zuba wa maigida abinci a kula. Wannan abu ne mai kyau. Amma kula ba firji ba ce. Aikinta ta riƙe zafi na 'yan awoyi. A zuba abinci yana tururi, a rufe, kada a riƙa buɗewa. A ci tun yana da zafi. In ya huce ya koma ɗumi-ɗumi, lokacinsa ya fara ƙurewa.

Shinkafar da ta kwana a mota ita ce ta fi yaudara. Tana nan fara tas, ba wari. Amma akwai wata ƙwayar cuta da take zuba guba cikin dafaffiyar shinkafa idan ta daɗe a ajiye. Ɗumame ba ya kashe wannan guba. Mutum zai ci, bayan awa ɗaya zuwa biyar amai ya kece masa.

Mun saba a gida mu yi ɗumamen tuwo da safe. A hanya kuwa gara a auna ciki kafin a auna shinkafa. In abinci ya ragu, a ba wani ya ci nan take. Ko ka sami lada, ka kuma tsira da cikinka.

Ruwan sha

Direba ya riƙe jarka biyu, ɗaya ta sha, ɗaya ta wanke-wanke. A yi musu alama don kada a rikita. A cika ta sha daga famfo ko rijiyar burtsatse da aka yarda da ita. In dole ta sa aka ɗebi ruwan rafi, a tafasa shi sosai kafin a sha. Da damina cutar amai da gudawa takan ɓulla a garuruwa da yawa, kuma ta ruwa take bi.

Ga dabarar sanyaya ruwa ba da ƙanƙara ba. A naɗe jarka da buhun algarara, a jiƙa buhun, a ɗaure inda iska take bugawa. Yayin da buhun yake bushewa, ruwan ciki yana yin sanyi. Hikimar da take cikin randa da salka ke nan. Da ita wani malami a jiharmu ta Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa tukunya cikin tukunya, mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don ajiye kayan miya. Ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda wannan aiki. Dabarar ta fi ci a Arewa inda iska take a bushe. A Kudu ba ta da ƙarfi sosai.

Kada a manta da sabulu. Hannun direba da na yaron mota kullum cikin baƙin mai yake, ko kashin dabbobi. A wanke hannu da sabulu kafin girki, kafin cin abinci, da bayan an zaga. Wanke hannu da fetur ba tsabta ba ce.

Wuta ba ta da aboki

Nan ne babban haɗari yake. Ko risho ake amfani da shi, ko kurfoti, ko ƙaramar tukunyar gas, dokokin ɗaya ne.

Kada a yi girki a cikin kan mota. Lokacin hunturu, ko idan ana ruwa a Kudu, mutum yakan so ya shigar da kurfoti ciki ya rufe gilashi. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Da farko sai ciwon kai da jiri. Daga nan sai barci, barcin da ba a tashi. In wani ya fara jin haka, a fitar da shi waje nan da nan, a kai shi asibiti.

Kada a yi girki a ƙarƙashin mota don neman inuwa. Tankin mai yana nan sama da kanka. Zoɓo da auduga da tamfol kuwa, tartsatsi ɗaya ya ishe su.

A matsa nesa da mota, a kuma sauka daga gefen kwalta. A sami wuri mai shara, ba busasshiyar ciyawa. A lura da inda iska take kaɗawa.

Kada a hura wuta ko kusa da tankar fetur, taka ce ko ta maƙwabci. Tururin fetur ya fi iska nauyi. Yakan bi ƙasa ya yi nisa har ya iske wuta. Tankar da aka sauke wa mai ma tana da haɗari, don cike take da tururi. Mutanen Jigawa ba za su manta da abin da ya faru a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, a watan Oktoba na 2024 ba. Tanka ta faɗi, jama'a suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Ba girki ne ya jawo wannan ba. Amma ya nuna mana abin da fetur yake yi idan ya haɗu da wuta.

Mai risho kada ya ƙara kananzir wuta tana ci. Kada ya zuba fetur a madadin kananzir. Mai gas ya ɗaure tukunyarsa a tsaye, inda rana ba ta dukanta. In yana zargin tana yoyo, ya shafa ruwan sabulu a bakinta. In kumfa ta taso, akwai yoyo. Kada ya gwada da ashana.

In mai ya kama wuta a tukunya, a rufe da murfi, a kashe risho. Kada a watsa ruwa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta wajabta wa kowace mota riƙe abin kashe gobara. A ajiye shi inda hannu zai kai. In an ƙone, a yi ta zuba ruwa mai sanyi a wurin har minti 20. Kada a shafa baƙin mai ko man goge baki. Bayan girki a kashe garwashi da ruwa ko ƙasa kafin a tashi.

In za a saya a hanya

Ba kullum ake samun damar girki ba. Mai abincin bakin hanya ita ma sana'arta take yi, kuma da yawa suna da tsabta. Direba ya buɗe ido kawai. Ya zaɓi inda ake zuba abinci daga wuta yana tururi. Ya duba ko a rufe yake. Ya dubi ruwan da ake wanke kwanuka. Riƙe kwanonka da cokalinka ba girman kai ba ne.

Ya kuma lura da yawan abin da zai ci. Cika ciki da tuwo ko sakwara da tsakar rana yana kawo gyangyaɗi. Gara a ci kaɗan-kaɗan lokacin tuƙi, a ci mai nauyi idan an yada zango. Goro da shayi sukan kore barci na ɗan lokaci, amma barci bashi ne, sai an biya. Ƙwayoyin hana barci kuwa ba abinci ba ne, halaka ce.

Idan ciki ya ɓaci

Abin da yake kashe mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Kowace mota ta riƙe ƙullin gishiri da sukari na asibiti, wanda ake kira ORS. Ba shi da tsada. Ana narka ƙulli ɗaya yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, a sami ruwa mai tsabta lita ɗaya. A zuba sukari cokalin shayi shida a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi. A motsa, a riƙa kurɓa a kai a kai. Wanda ya kwana a zubar, a haɗa sabo.

Direban da yake amai da gudawa ya tsaya, kada ya ci gaba da tuƙi. In gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa, ko akwai jini, ko amai ya hana shi shan ruwa, a kai shi asibiti mafi kusa ba tare da jira ba. Kaya suna da madadi, rai ba shi da shi.

Abin tunawa

Ɗauki busasshen abinci, ka rufe shi, ka raba shi da mai da maganin ƙwari. Dafa daidai ciki, ka ci da zafi. Wanke hannu da sabulu. Hura wuta a waje, nesa da mota. Riƙe ruwa mai tsabta da ƙullin gishiri da sukari.

Uwargida, idan ranar Laraba ta zo kina haɗa guzurin Alhamis, ki soya dambun ya bushe, ki ƙulla ƙulin kashi-kashi, ki sa sabulu a gefe. Mai karatu kuma, in kana da ɗa ko ƙane da yake bin mota, ka karanta masa wannan shafi kafin ya tashi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya.